Ruwan Tawadar da Aka Ɗura wa Babana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma raba wa bayinsa hankalin da za su bambance magani da shirme, ko da yake ba kowa ne ya tsaya ya karɓi kasonsa ba. Sunana Uwani, ina koyarwa a wata firamare a Doka. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau idan aka ce mini "ai kwana ne ya ƙare" sai in kau da kai. Na san kwana ne ya ƙare. Amma akwai hannuwan da abin ya bi ta kansu, kuma ina so duk mai jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya karanta wannan tun kafin dangi su fara sauke masa shawara.

Mahaifina Malam Ilu, wanda Doka ta sani da Ilu Mai Tsini, makanikin inji ne a masaƙa har masaƙar ta mutu. Sai dai ba da sifana aka san shi ba, da baki aka san shi. Waƙar zambo yake yi. Ba maroƙi ba ne, bai taɓa karɓar ko sisin kowa don ya yi ko ya fasa ba. Da ajami yake rubutawa, da alƙalamin kara da tawadar da yake haɗawa da kansa, ya karanta sau ɗaya a majalisarsu bayan la'asar, washegari ka ji ta a bakin masu keke. Kansila ya sha, mai awo da mudun da aka bubbuge wa gindi ya sha, har limamin da ke tsawaita addu'a in ya hango mai kuɗi a sahu bai tsira ba. Takardun kuwa yana tara su a wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa, aikin shekara arba'in da ɗoriya, kowace waƙa kwafi ɗaya tak.

Akwai labarin da ya fi ba ni tun ina yarinya. Lokacin ƙuruciyarsa masaƙa ta tura shi Jamus koyon gyaran wani inji, aka sauke shi a gidan wata tsohuwa a wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogi. Wata Lahadi tsohuwar ta kai shi wani tsukukun gida mai bene, ta ce a nan wani mawaƙin zambo ya ƙare rayuwarsa, wajen shekara ɗari biyu da suka wuce. Sunan mutumin bai taɓa zama a bakin Baba ba, kullum da yadda yake faɗinsa, don haka ba zan rubuta shi ba. Wai da ƙuruciya ya yi wa magajin gari da alƙalai da manyan 'yan kasuwa wankin babban bargo. Da tsufa ya zo sai ya koma ɗan akawu, ido ya fara mutuwa, waɗanda suka sha dariya da waƙoƙinsa suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. A ɗakin sama ya mutu, masu raka gawarsa ba su cika hannu ba. Ƙanwarsa ce ta ɓoye takardunsa a akwatin fulawa don kada hukuma ta ƙone su, shi ya sa jikokin waɗanda ya zaga suke haddace shi a makaranta. Baba yakan kai nan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Uwata, gari ba ya ajiye wa mai zambo takarda. Na gida ke ajiyewa. Ni ba ni da ƙanwa mai wannan hankalin, ke ce akwatin fulawata. Ki juya mini su zuwa boko, in na mutu ki buga."

Shekara goma yana faɗa mini haka, shekara goma ina cewa sai an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce ban san adadi ba. Wannan laifina ne, kuma na sa shi a gaba don kada a ce na wanke kaina na shafa wa wasu.

Ranar wata Talata cikin damina, yana alwalar azahar buta ta suɓuce daga hannunsa. Maƙwabciya ce ta kira ni a waya. Kafin in iso daga makaranta ƙanensa Baffa Sale, mai sayar da yadi, ya riga ni, ya kuma gama bincikensa: iska ce ta buge shi. Na tarar da Baba kwance a tabarma, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki, an turnuƙe ɗakin da hayaƙi har idona na yaji. Na ce asibiti, Baffa ya ce, "Ke dai Uwani bokon nan ya cuce ki. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, allura ɗaya za su yi masa ya tafi." Sai da mijina ya zo ya ɗaga murya sannan aka ɗauke shi, la'asar ta riga ta yi sanyi.

Makon farko a asibiti ba zan so wa maƙiyina shi ba. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, ga mutum ranga-ranga a kan benci yana dalalar da yawu, ana ratsa shi kamar buhun masara. Babu gado sai washegari. Aka ce a yi hoton ƙwaƙwalwa, injin nasu ya lalace, muka ɗauke shi a bayan mota muka ratsa gari cikin ruwan sama. Kuɗi kam sun tafi, amma ba su ne ke ci mini rai ba, ba kuma zan tsaya lissafinsu ba. A cikin wannan ƙazanta da wulaƙanci Allah ya haɗa mu da wata likita, yarinya ce ƙarama, da wata nas Kirista 'yar kudancin Kaduna wadda take juya Baba da hannunta tana ce masa "Baba sannu, Baba yi haƙuri." Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan iyayensu.

Likitar ta ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa, har jijiya ta toshe a ka. Ta tara mu, ni da Baffa Sale da yayarsu Goggo Asabe, ta faɗi magana biyu da har gobe suna kunnena. Ta farko: "Yana jin duk abin da kuke faɗa. Bakin ne ya tafi, hankalin yana nan." Ta biyu: "Maƙogwaronsa ya manta aikinsa. Duk abin da kuka ɗura masa ba ciki zai je ba, huhu zai je." Da Hausa ta faɗa, Hausa tsantsa, Baffa yana gyaɗa kai yana cewa "Haka ne, likita, haka ne."

Mako na biyu shi ne makon 'yan dubiya, kuma a nan na san garin da aka haife ni. Wasu don Allah suka zo, na gode musu. Amma da yawa kallo suka zo yi. Su tsaya a kansa, ga roba a hancinsa ana ba shi abinci ta ciki, su ce "Allah ya sawwaƙe," sannan su juya su ce wa juna, a gabansa, "Ka ga bakin nan dai? Bakin da ya hana mutane sakat." Wata ta ce, "Ai bakin mutane ne ya kama shi, ruwa ba ya tsami banza." Ina kallon idon Baba yana bin kowane mai magana. Abokan majalisarsa kuwa, waɗanda suka shekara arba'in suna shan dariya kyauta, biyu ne suka leƙo.

Ranar Juma'a sai ga Alhaji Tanimu. Shi ne ya gina jerin shaguna a kan babbar kwatar unguwarmu shekaru ashirin da suka wuce, ya toshe ta, tun daga lokacin duk damina sai mun kwashe ruwa daga ɗakuna. Baba ya yi masa waƙar da ta sa ya tattara ya koma Unguwar Rimi bayan doguwar katanga. Ya shigo da babbar riga da turare da mutum biyu a bayansa, ya ajiye ledar lemo, ya daɗe yana duban Baba. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Malam Ilu, yau babu ko baiti ɗaya? Ashe dai tusa tana ƙare wa bodari." Mutanensa suka yi dariya. Baffa Sale, ƙanen mara lafiya uwa ɗaya uba ɗaya, ya taya su, ya raka shi har mota yana cewa, "Alhaji a yafe masa, ka san shi da wauta." Lemon nan a kwandon shara ya kwana.

A mako na uku aka cire robar hanci aka sallame mu. Aka koya mini yadda zan ba shi abinci: a zaunar da shi sosai, kunu mai kauri, rabin cokali, a jira ya haɗiye, ruwa ma sai an kaɗa shi da abin da zai yi kauri. Kwano ɗaya yakan ci mana kusan awa guda. Kuma wallahi sauƙi ya fara samuwa. Yatsun dama suka fara motsi, mai gashin ƙashi yana zuwa yana miƙar da shi, wata safiya ma ya kalle ni ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da "Uwa". Na shiga kicin na yi kukan daɗi. Ranar na jawo akwatin nan na buɗe a gabansa, na ce, "Baba, da an yi hutun nan zan fara." Ya ɗaga hannun hagu ya ɗan buge ni a goshi, kamar yadda yake yi mini ina yarinya in na yi ƙarya.

Shawarwari kuwa sai suka ɓarke kamar an buɗe famfo. Man kaɗanya da tafarnuwa, kitsen damo, kaho a ƙeya, wata ma cewa ta yi a sa masa ɗanyen ƙwai a ƙarƙashin harshe. Duk na iya da su. Wanda ban iya da shi ba shi ne mutumin da Baffa Sale ya ɗauko daga Rigasa, wani mai jar hula da zobba a kowane yatsa, wai shi gwanin kwance harshe. Ya dubi Baba, ya tambayi sana'arsa, Baffa ya zayyane masa komai har da akwatin. Sai mutumin ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ciwon a fili yake: maganganun da ya saki a duniya su ne suka taru suka ɗaure harshen. Magani shi ne a wanke rubutun duka, a tace, ya shanye abinsa, magana ta koma inda ta fito, alhakin mutane ya sauka.

Na ce, "Baffa, likita ta ce kada a ɗura masa ko ruwan sha."

Ya ce, "Wannan ai ba ruwa ba ne, rubutu ne. Ke ba ki sha rubutu ba da kina yarinya?"

Na ce wanda na sha ayoyin Allah ne a kan allo, ba zambon kansila ba. Na je na samu Limamin unguwarmu, dattijo mai tsoron Allah wanda shi ma Baba bai bar shi ba a zamaninsa. Ya tako da ƙafarsa har gida ya ce wa Baffa, "Sale, wannan ba addini ba ne, ba kuma magani ba ne. In yayanka yana da alhakin wani, tsakaninsa da Ubangijinsa ne da mutumin. Ku bi abin da likita ta ce." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce an bar maganar. Ni kuma, sakarya, na yarda. Na kulle akwatin na rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa, inda yake rataye tun ina goye.

Mako na huɗu hutun da makaranta ta ba ni ya ƙare. Muka shirya Goggo Asabe ta riƙa zama da shi daga safe zuwa azahar, in na taso in karɓe ta. Ranar Litinin na dawo na tarar yana tari, Goggo ta ce sanyin damina ne. Talata tarin ya ƙaru, ya ƙi kunu, ya ƙi kallona, ya juya fuska bango. Na ɗauka fushi yake don na koma aiki. Laraba aka tashe mu da wuri, na iso gida da hantsi, na taɓa goshinsa na ji zafi rau, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Da na ɗaga kansa zan gyara matashi sai na ga rigar matashin ta yi baƙi, farin gemunsa ya rine, har dasashinsa baƙi ƙirin.

Na fita tsakar gida ina kiran Goggo. A bayan kicin na same ta, tana shanya takardu a kan tabarma tana danne su da duwatsu. Ɗaruruwan takardu, sun jiƙe sun cukurkuɗe, babu abin da ya rage a jikinsu sai dusu-dusun toka. Ga bahon wanki a gefe da sauran baƙin ruwa a ciki, ga ludayi.

Na ce, "Goggo, mene ne wannan?"

Ta ce, "To ai da sunan Allah a farkon kowace, shi ya sa na ce ba za a zubar a bola ba, gara a busar a ƙone."

Abin da ya dame ta ke nan. Sunan Allah a takarda ta girmama, bawan Allah da ke kwance a ɗaki kuwa sun yi masa ɗure irin na jarirai kwana uku a jere. Da na matsa mata ta faɗa mini komai, tana faɗa tana kare kanta. Kullum da na tafi makaranta Baffa yake shigowa da mai jar hula. A gaban Baba suka buɗe akwatin, domin wai sharaɗin maganin ne mara lafiya ya gani da idonsa. Suna tsoma takardun a baho yana kallo, ɗaya bayan ɗaya. "Da hannun hagun nan ya yi ta ture ludayin," in ji Goggo, "yana wani irin gurnani, mai magani ya ce shaiɗanun waƙar ne ke gardama. Sai Sale ya danne hannun, ni kuma na toshe hancin." Ta dube ni ta ƙara da cewa, "Don ya samu lafiya muka yi, Uwani. Ɗan'uwanmu ne fa kafin ya zama ubanki."

Ban zage ta ba, tarbiyyar da aka yi mini ba ta bar ni ba. Na juya na koma wurin Baba.

Muka koma asibiti a ranar. Likitar nan ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta buɗe bakinsa, ta ga baƙin, ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ba na gaya muku ba?" Huhun duka biyu sun kamu. Aka sa masa iskar numfashi da ƙarin ruwa da allurai, kwana takwas ana fama. Cikin kwanakin nan ko sau ɗaya bai sake ƙoƙarin yin magana ba. In na riƙe hannunsa yakan bar mini shi, amma ba ya matsawa. Na roƙe shi gafara a kunne ban san sau nawa ba. Ranar Alhamis da hantsi, ina goge masa fuska, ya cika.

A zaman makoki Baffa Sale ya riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa alhamdu lillahi yayansa ya tafi da tsarki, ya janye maganganunsa kafin ya koma ga Allah. Mai jar hula ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Dangi suka taru a kaina wai in yi haƙuri, zumunci ya fi takarda. Ina gaishe da Baffa in mun haɗu, don Allah ya ce a yi. Abin da ke zuciyata kuma Allah ya sani, ban iya ɓoye masa ba.

Ga mai jinya, abin da zan ce kaɗan ne. In likita ta ce kada a ɗura, to ko zamzam ne kada a ɗura. Kada ka bar mara lafiyar da ba ya iya cewa a'a a hannun wanda ya riga ya yanke masa hukunci, ko da uwarsu ɗaya. Kuma in an ba ka amana, kada ka jira hutu.

Bayan arba'in na sayi sabon littafi na shiga bin abokan majalisarsa, ko zan tsinci wani abu. Abin takaici, wannan ya tuna rabin baiti, wancan ya tuna amshi, wani ya ce, "Kai, akwai wata mai ban dariya da ya yi wa wani, ta dai ɓace mini." Sati biyu ina yawo ban cika shafi uku ba. Wani tsoho a cikinsu ne ya ce mini, "'Yata, mu dariya muka yi muka wuce. In cikakkiya kike so, je ki wurin wanda aka yi wa."

Sai da na yi kwana biyar ina juya maganar, don na gwammace in haɗiyi garwashi. Ranar Asabar da safe mijina ya kai ni Unguwar Rimi. Alhaji Tanimu yana falo, na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya sama-sama. Na faɗi abin da ya kawo ni. Har na fara tattara mayafina zan tashi, sai ya sallami mutanen da ke wurin, ya ce in karanta masa abin da na samu. Na buɗe littafin na karanta layi ɗayan da aka ba ni daga tasa waƙar: "Ɓera ya kafa shago a kan kwata."

Ya ɗaga hannu. "Ba ɓera ya ce ba. Gafiya ya ce. Ɓera ai ƙaramin abu ne, ubanki bai raina ni haka ba. Goge ki rubuta daidai."

Ya jingina da kujera, ya rufe ido, ya fara:

"Gafiya ta kafa shago a kan kwata,
Ruwa ya rasa hanya ya bi ɗakin mata,
In an yi magana ta ce Allah ya hukunta,
Ga ta a sahun gaba da carbi a hannunta."

Haka ya yi ta jero ta tun daga bismilla har tammat, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har da inda Baba yake jan murya. In na yi jinkiri ya dakata ya jira ni. Ina durƙushe a kan kafet ɗin mutumin da ya yi wa ubana dariya a gadon asibiti, ina kwasar maganar ubana daga bakinsa, hawaye na ɗiga a takarda ina karewa da hannu don kada biro ya jiƙe. Da ya kai ƙarshe ya buɗe ido ya ce, "Shekara ashirin kullum da ita nake tashi. Ya za a yi in manta?"

Na tambaye shi ko ya san wasu da zan je wurinsu. Ya ƙirga da yatsu, kansila ya mutu, mai awo ya mutu, wani ɗan kwangila da shi ma Baba ya yi wa ya rikice ba ya gane kowa.

Waƙa ɗaya ke nan a hannuna cikin aikin shekara arba'in. Sauran an binne su a ƙirjin mai su.